Gas ba ya ƙare wa tirela kwatsam: aikin da wayar yaron mota za ta yi a hanyar Dutsi

Duk wanda yake yawan bin hanyar Katsina zuwa Daura ya saba ganin tirela tsaye a gefen kwalta, rabin jikinta a kan hanya, an karyo ganye an jera a bayanta, yaron mota ya hau babur da jarka biyu ya tafi neman mai. In an tambaya me ya faru, sai a ce gas ne ya ƙare, wato man dizal kamar yadda direbobi suka fi kiransa. Ana faɗar hakan kamar wata ƙaddara ce ta faɗo daga sama, irin ta fashewar taya. Amma taya tana iya taka ƙarfe ta fashe nan take. Mai kuwa lita-lita yake sauka, yana ɗaukar awanni, kuma duk wanda yake lissafi zai hango ƙarewarsa tun daga nesa.

Saboda haka tirelar da gas ya ƙare mata a hanya, lissafi ne ya ƙare mata tun kafin ta tashi. Kayan aikin wannan lissafi kuwa yana cikin aljihun mafi ƙarancin shekaru a motar, wato wayar yaron mota. Sai dai wayar ba za ta yi amfani ba sai mai mota da direba sun yarda su riƙa duba lamba ɗaya tare.

Me ya sa maganar ta shafi Dutsi

Dutsi ƙaramar hukuma ce a jihar Katsina, kuma babbar hanyar Katsina zuwa Daura, mai tsawon kimanin kilomita 80, ta ratsa ta garin Shargalle da ke cikinta. Ta nan manyan motoci ke wucewa da hatsi da siminti da taki da dabbobi. Wasu daga Daura sukan miƙe Kazaure zuwa Kano, wasu su nufi Mai'aduwa da iyakar Kwangwalam su shiga Nijar ta hanyar Damagaram. Motar da ta ɗauki shanu daga wannan yanki za ta kai Legas, tafiyar sama da kilomita 1,000 ce a gabanta.

A irin wannan yanki, ganin gidan mai ba ya nufin akwai dizal a cikinsa. Ƙananan gidajen mai da yawa fetur suka fi ajiyewa, domin masu babura da ƙananan motoci su ne abokan cinikinsu na kullum. Kusancin iyaka ma yana da nasa sha'ani. A watan Nuwamba na 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, direbobin da suka saba shan mai a garuruwan bakin iyaka suka wayi gari babu. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, 2023, an rufe iyaka, motoci suka yi ta zama da kaya a kansu, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a watan Maris na 2024. Direban da ya ce zai sha mai a gaba, a wannan hanya caca yake yi da dukiyar wani.

Abin da ke faruwa idan tanki ya bushe

Matashin da ya saba da babur zai ɗauka abu ne mai sauƙi: a zuba mai, a taka, a tafi. Injin dizal ba haka yake ba. Da zarar famfo ya zuƙo iska maimakon mai, iskar tana cika bututu da filta, kuma ko an cika tanki injin ba zai tashi ba sai an fitar da ita, ta hanyar danna ɗan famfon hannu da sassauta wasu ƙusoshi har mai ya fito ba kumfa. Wanda bai iya ba sai ya yi ta murza makulli har batura su mutu, matsala ɗaya ta zama biyu.

Sababbin injuna sun fi tsofaffi rashin haƙuri. Famfonsu yana matsa mai da ƙarfi ƙwarai kafin ya tura shi cikin inji, kuma dizal ɗin da ke bi ta cikinsa shi ne yake sa shi santsi, shi ne yake sanyaya shi. Idan ya juya a bushe yana cin kansa, kuɗin gyaransa kuwa ya ninka kuɗin man da aka yi ƙoƙarin tattali. Ga kuma ruwa da dattin da ke kwance a gindin tanki, waɗanda suka fi samun hanyar shiga filta idan mai ya yi ƙasa yana kaɗawa.

Haɗarin da ya fi wannan yana kan hanya. Idan inji ya mutu ana tafe, sitiyari yana yin nauyi, na'urar da ke tara iskar birki ita ma ta tsaya. Duk taka birki ɗaya yana rage iskar da ta rage, kuma idan ta yi ƙasa sosai birkin yana kama kansa da kansa. Shi ya sa tirela take maƙalewa daidai inda ta mutu, ba a iya tura ta gefe kamar ƙaramar mota. Da dare, a hanyar da ba fitila, motar haya cike da mutane ba ta ganin ganyen da aka jera sai ta zo daf. Idan kuma dabbobi ne a sama, kowace awa a rana tsaka asara ce.

Daga nan sai a koma wajen 'yan bumburutu, a saya da tsada, kuma ba wanda zai rantse ba a garwaya shi da kananzir ko ruwa ba.

Geji ba shaida ba ne

Gejin mai a yawancin motoci abu ne mai sauƙi: wani ɗan abu mai yawo a kan mai, an ɗaura shi a hannun ƙarfe, yana hawa yana sauka yana motsa allura. Shekaru da ramukan hanya suna kashe shi. Tsofaffin DAF da MAN da Mack da aka shigo da su bayan sun gama aiki a wata ƙasa, da yawansu allurar ta daɗe da daina motsi, direba sanda yake zurawa a tanki ya duba inda ta jiƙe.

Ko gejin yana aiki, akwai abubuwa biyu da ba ya faɗa. Na farko, bakin bututun da ke zuƙo mai ba ya taɓa gindin tanki, don haka akwai litocin da ido ke gani amma inji ba zai iya sha ba, musamman a hawa ko a kwana, inda mai ke gudu gefe ɗaya. Na biyu, idan tankin mai zagaye ne kamar gangar da aka kwantar, tsakiyarsa ta fi gindinsa faɗi. Yatsa ɗaya a sanda a tsakiyar tanki ya fi yatsa ɗaya a ƙasa yawan mai. Wannan ne dalilin da ya sa mai yake daɗewa a tsakiyar tanki, kwatan ƙarshe kuma ya tafi kamar an sace.

Inda gizo yake saƙar

Da matsalar ta tsaya a geji, da bakanike ya gama da ita. Tushenta rashin yarda ne tsakanin mai mota da direba.

Dizal ba shi da tallafi a Najeriya tun shekaru da yawa kafin a cire na fetur a 2023. Bayan da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a watan Fabrairu na 2022, farashinsa ya ninka cikin 'yan watanni, kuma kafin farkon 2024 lita ta wuce naira 1,000. A watan Fabrairun wannan shekara ƙungiyar masu manyan motoci ta NARTO ta janye motocinta na ɗan lokaci, tana kukan kuɗin da ake biyanta bai kai abin da take kashewa ba. Fara sayar da dizal daga matatar Dangote ta Lekki a 2024 ya sassauta farashin, amma bai mayar da shi inda yake a da ba.

A ɗauka, don misali kawai, mota tana shan lita 40 a kowane kilomita 100. Tafiyar kilomita 1,000 lita 400 ke nan, zuwa kaɗai. Idan lita naira 1,000 ce, naira 400,000 ce a cikin tanki. Mai mota yana zaune a Daura ko Katsina, ba ya ganin abin da ke faruwa a hanya, kuma ya san akwai direbobin da ke zuƙe mai su sayar. Sai ya auna man tafiya cif-cif, har ya ɗan rage, don kada a samu rarar da za a sayar. Direba kuma ya san an auna ne kamar hanyar ba ta da rami, ba cunkoso, ba shingen jami'ai. Mai gaskiya yana tuƙi da fargaba, yana jan mota har ɗigon ƙarshe. Marar gaskiya yana cewa tunda an riga an ɗauke shi ɓarawo, gara ya ci sunan. Dukansu biyu ƙarshensu ɗaya: gefen hanya.

Akwai kuma man da ba ya bayyana a kilomita. Babbar mota da ke tsaye inji yana aiki tana shan kimanin lita 2 zuwa 3 a awa. Awa goma a layin iyaka ko a wajen lodi, lita 20 zuwa 30 sun tafi mota ba ta motsa ba. Mai mota zai kira wannan sata, direba ya rantse da Allah, kuma ba mai hujjar da zai nuna wa ɗan'uwansa.

Abin da waya za ta yi ba tare da an sayi komai ba

Matakin farko ba ya bukatar sabuwar na'ura. Duk lokacin da aka sha mai, yaron mota ya ɗauki hoto biyu: lambar litoci a jikin famfo, da lambar kilomita a gaban direba. Ya tura su nan take a wani ƙaramin zauren WhatsApp da ya ƙunshi shi da direba da mai mota. Hoton yana zuwa da lokacinsa, ba mai cewa an manta. Idan ma'aunin kilomita ya mutu, taswirar waya tana ba da tazarar da ke tsakanin garuruwa.

Sannan a cika tanki fal sau ɗaya, a yi tafiya, a sake cika shi fal. Litocin da suka shiga karo na biyu su ne abin da motar ta sha. A raba su da kilomitan da aka yi, a ninka da 100. Bayan tafiya uku ko huɗu, motar za ta faɗi gaskiyar cikinta: lamba ɗaya idan tana ɗauke da kaya, wata idan ba komai. Wannan lambar ta motar ce ita kaɗai, ba ta maƙwabciyarta ba, domin tsufan inji, nauyin lodi, iskar taya da ƙafar direba duk suna canza ta.

Mataki na biyu shi ne dokar kwata. Da zarar mai ya sauka zuwa kwatan tanki, a ɗauka ya ƙare, gidan mai na gaba da ke da dizal a nan za a tsaya. Tanki mai lita 400, kwatansa lita 100 ne, a takarda kilomita 250. Idan aka cire wanda bututu ba ya kaiwa da kuskuren geji, mai hankali zai lissafa 150 kawai.

Na uku, taswira. Google Maps tana ba da damar sauke taswirar yanki a waya ta yi aiki ba intanet, domin GPS da tauraron ɗan'adam yake magana, ba ya bukatar data. Mutanen Katsina sun ga amfanin wannan a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro. A sauke taswirar tun a gida inda sabis ke da ƙarfi, ba a fafe gora ranar tafiya. Amma taswira ba ta san gidan man da ke da dizal yau ba. Wannan labarin yana wajen direban da ya wuce awa biyu da suka gabata, kuma saƙon murya na daƙiƙa goma a zauren direbobi ya isa ya isar da shi.

Na huɗu, hanyar biya. Waɗanda suka yi tafiya a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, sun ga motoci tsaye a gaban famfo, kuɗi na asusu amma tura shi ya gagara. A riƙe hanya biyu: manhajar banki da lambar USSD, ko asusu biyu a wurare daban, da ɗan tsabar kuɗi. Cajar mota da ƙaramin batirin ajiya su ma cikin kayan aiki suke, domin wayar da ta mutu daidai take da gejin da ya mutu. Lambar 122 ta hukumar kiyaye haɗura ta FRSC ta kasance a ajiye.

Na'urar da ke zaune a tanki

Wanda yake da hali zai iya ƙarawa da na'ura. Tiraka ɗan akwati ne mai GPS da layin waya, yana aika inda mota take zuwa manhaja. Shi kaɗai bai san komai game da mai ba sai an haɗa shi da ma'auni. Ana samun iri uku. Akwai sandar ƙarfe da ake huda saman tanki a zura, wadda ta fi sauran daidaito. Akwai wanda ake mannawa a ƙarƙashin tanki yana auna zurfin mai da sautin da kunne ba ya ji, ba a huda komai, amma laka da girgiza suna dama shi. Akwai kuma karanto bayani daga kwamfutar motar kanta, wanda ya fi dacewa da sababbin motoci, sai dai idan gejin asali yana ƙarya, ƙaryar zai kwaso.

Kowanne aka zaɓa, sai an daidaita shi da tankin: a zubar da mai, a riƙa zuba lita 20 ana rubuta abin da na'ura ta nuna har tanki ya cika. Mai haɗawar da ya tsallake wannan mataki kwalliya ya sayar.

Amfaninta yana cikin zanen da take fitarwa. Mota tana tafiya, layi yana sauka a hankali. Tana tsaye inji na aiki, yana sauka a hankali ƙwarai. An zuƙe mai, layi ya faɗi tsaye cikin mintuna inji a kashe. An biya kuɗin lita 200 amma 185 suka shiga, zanen ya nuna, kuma wannan ƙorafi ne da za a iya kaiwa hukumar NMDPRA mai sa ido a kan gidajen mai. Idan sabis ya ɗauke, na'ura mai kyau tana ajiye bayani ta tura daga baya.

Masu ja da wannan magana

Tsohon direba zai ce ya shekara talatin yana kai kaya Legas da sanda da kunne, bai taɓa bukatar waya ba. Gaskiyarsa ce, kuma sandar tana nan daram, domin ita ce alƙali idan na'ura ta rikice. Amma abin da ya sani a kansa yake, mai mota ba ya gani, yaron da ke koyo ba zai gada ba sai bayan shekaru. Rubuta shi a waya bai rage masa daraja ba, hujja ya ba shi ranar da aka tuhume shi.

Mai mota zai ce na'ura kuɗi ce, ga kuɗin data duk wata. Sai ya kwatanta da kuɗin famfon inji ɗaya, ko saniya ɗaya da ta mutu a kan mota, ko ran mutum. In duk da haka ya ga ta yi tsada, hoto biyu a WhatsApp ba su kai kuɗin shayi ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi na direbobi ne, cewa tiraka ɗan leƙen asiri ne, ana saka shi a ɓoye, ba a tuna da shi sai ranar yanke albashi. Inda ake yin haka, direba ma zai nemi hanyarsa: ya cire fis, ya yanke waya, ya ce ramin hanya ne. Na'urar da mutum ɗaya yake kallo makami ce a hannunsa. Dole direba ya ga abin da mai mota yake gani, a wayarsa, a lokaci ɗaya. Kuma idan lissafi ya nuna direba ya yi tattali, ya rage gudu, ya kula da iskar taya, ya daina barin inji yana aiki a banza, a ba shi kaso daga rarar. Wanda ake ba rabonsa a fili ba ya bukatar tiyo da jarka da dare.

Nauyin da ke kan kowa

Mai mota ya daina auna mai cif-cif. Ya ɗauki lambar da motarsa ta nuna, ya ƙara kwatan tanki da ba a taɓawa, ya lissafa awannin tsayuwa. Wannan kwatan ba asara ba ce, yana nan a tanki idan mota ta dawo. Direba ya yarda a ɗauki hoto, ya tsaya idan an kai kwata ko da gidan man gaba ya fi araha da 'yan nairori. Yaron mota ya riƙe lissafin da amana, kada ya zama ɗan rahoton wani a kan wani.

Ga matasan Dutsi da Mashi da Daura da suka iya gyaran waya da haɗa sola, akwai sana'a a nan. Wanda ya iya bin waya a allon Tecno zai iya koyon haɗa tiraka da daidaita ma'aunin tanki, maimakon mai mota ya jira wani daga Kano. Jami'ar Sufuri ta Tarayya tana nan Daura, titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairu na 2021 an tsara ya bi ta wannan yanki, kuma ko ya kammala, mota ce za ta kwaso kaya daga kasuwa ta kai tasha. Harkar sufuri za ta ci gaba da neman masu iya lissafi da na'ura.

Mai karatun da yake da wa ko kawu a kan babbar mota zai iya farawa a tafiya mai zuwa: ya buɗe musu zauren mutum uku, ya sauke musu taswira, ya nuna wa yaron mota hotuna biyun da zai riƙa ɗauka. Bayan tafiya huɗu za a san abin da motar ke sha, kuma daga ranar gardama ta koma kan lamba. Allah ya tsare hanya.